Ranar da Na Daina Sa Gishiri

A ɗakin ajiye kujeru na bayan coci muka ƙulla yarjejeniyar, ni da sabon Fasto, ranar Asabar da hantsi. Baƙo ne, bai iya harshenmu ba, da Turanci yake wa'azi ina juyawa.

"Baba Tafinta," in ji shi, "abin da kake yi ba fassara ba ce, sharhi ne. In yi magana minti biyu, ka gama a numfashi ɗaya. Inda ban yi raha ba, sai in ji ana dariya."

"Gishiri nake ɗan sawa, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce maka miya nake dafawa?"

Ya buɗe wani littafi mai kaurin bulo, ya ce a Ibrananci, harshen Yahudawa, kalmar warware mafarki daban, ta juya magana daga harshe zuwa harshe daban. Shekara bakwai ya yi yana haƙar wannan ilimi. Ni kuwa nawa Turancin a bayan sitiyarin babbar mota na tsince shi.

Muka shirya: gobe duk abin da ya fito daga bakinsa zan juya, ba ƙari ba ragi. In na kuskure, in bar gefen mumbari, inda na tsaya shekara ashirin da shida. In na cika, ya bar ni da gishirina. Muka tafa.

Ran Lahadi ya ɗauko Ibrananci tun daga tushe, ina biye kamar jela. Ya ce "eh...", na ce "eh...". Rabin awa ta wuce kafin ya tsallaka Girkanci, inda ya yarda cewa sau da yawa kalma ɗaya ke ɗaukar fassara da sharhi gaba ɗaya. Wannan na faɗe shi da ƙarfi, amma wa ke ji? Mai ganga ya kifa kai. Shugabar mata na gyangyaɗi. Mai Katako, babban dattijon coci, yana munshari a kujerar gaba.

To, Fasto yana da wata ɗabi'a: in ransa ya ɓaci sai ya kauda baki daga makirufo ya yi gunaguni. Wata biyar ina mai da gunagunin nan "Fasto ya ce Allah ya ƙara mana kuzari," ana amsawa da amin.

Ran nan ma ya kauda bakin. Na gyara murya, na matso da nawa makirufon.

"Fasto ya ce, ji wannan mai ƙaton tumbin, ya mai da coci ɗakin kwana. Gara in yi wa awaki wa'azi."

Abin da harsuna biyu suka kasa, jimla ɗaya ta yi. Kowa ya farka. Mai Katako ya duba hagu, ya duba dama, bai ga tumbin da ya kai nasa ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita, rabin dattawa na bayansa.

Da aka tashi Fasto ya tare ni yana huci. "Wannan ai ba ya cikin wa'azi!"

"Daga bakinka ya fito, ɗana. Ba ƙari ba ragi. Da makon jiya ne, da kuzari ka roƙa musu."

Riba dai ni na ci, har gobe ina gefen mumbari. Matar Mai Katako ma ta ci, don shekara talatin tana faɗa masa maganar tumbin nan ba ya ji. Hasara ta Fasto ce: mako uku yana bin gidajen dattawa yana ba da haƙuri, ni ke juya masa, kuma a ƙofar kowane gida sai ya raɗa mini, "Baba, a sa gishiri."