Ranar da Injin Kunne Ya Zauna

Injin ya sake mutuwa karo na huɗu, sai Kunne ya daki sitiyari da tafin hannu har ham ta yi ƙara.

"Kai, Makaho! Zo ka duba min wannan abin."

Ni ne Makahon. Walda nake yi, shagona a jikin garejinsa yake, bango ɗaya ne tsakaninmu yau shekara ashirin da biyu. Yana ce min Makaho don wutar walda ta ci min ido. Shi kuma a duk layin nan, Kunne ake ce masa, saboda bakanike ne da ba ya buɗe bonet sai ya saurara. Mota na shigowa layin zai ce fulogi na uku ne, in an kwance kuwa shi ɗin ne.

Na ajiye ƙarfen hannuna na shiga. Yana kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, kwamfuta a cinya, waya ta fito daga gefenta ta shige ƙarƙashin sitiyari.

"Me zan duba? Ni da ko sunana sai na yi gumi nake rubutawa."

"Wannan lambar, takwas ce ko uku?"

"Uku."

"Takwas ce, Makaho."

"To uban me ya sa ka kira ni?"

Bai yi dariya ba. A da zai yi.

Motar tasa ce, tsohuwa mai dogon baya, ta girmi ɗansa na fari. Injinta ya buga, sai ya samo wani na zamani daga motar da ta yi haɗari. Wata uku ke nan, ni na yi masa ƙafafun da aka ɗora injin a kai. Kwana tara muka yi, ya shiga daram, ko guduma ba mu sa ba. Matsalar ita ce sabon injin ba shi da kafireta. Wani akwati ne kamar littafi, ƙwaƙwalwa suke ce masa, shi ke yanke yawan man da inji zai sha da lokacin da wuta za ta kama. Ƙwaƙwalwar nan daga mota mai canza giya da kanta ta fito, tasa kuwa ta hannu ce, sai ta rikice. In ya tayar, injin ya yi sama kamar zai tashi, ya faɗo, ya yi tari, ya mutu. Ba ya silo, wato ba ya zama shi kaɗai in an ɗauke ƙafa daga totur. Ga baƙin hayaƙi mai sa hawaye.

Da kafireta ce, da sukundireba ɗaya ya isa. Nan kuwa babu inda za ka murɗa. Sai dai ka shiga da kwamfuta ka canza lambobi.

Na ce masa, "Ka kai wa mai kwamfuta na bakin titi mana. Rabin awa ya gama."

"In kai motata wurin mutumin da bai taɓa ƙona hannu a inji ba? Ka taɓa ganin farcensa? Kamar na amarya."

"Amaryar ce dai ta kwashe maka mutane."

Gaskiya na faɗa. Motocin da ya iya sun ƙare a titi. Wata rana tun safe har yamma ba mai tsayawa sai mai neman aron sifana.

Ɗansa babba, wanda yake kira Akawu don aikin ofis yake, shi ya kawo maganar a gabana, a farkon watan nan.

"Baba, don Allah ka huta haka. Ga mai son wurin nan zai sa shagon kaya. Ka zauna gida, mu ai ba mu mutu ba."

"In zauna gida in yi me? In ƙirga kaji?"

"Kawu, ka sa baki," ya ce da ni.

"Ni ba ruwana. Ubanka ne."

Kunne ya goge hannu da tsumma, ya nuna motar da haɓa. "Ka ga wannan? In wata ya ƙare injin nan bai zauna a hannuna ba, ka zo ka karɓi makullin gareji. In ya zauna, kada ka ƙara yi min maganar nan har in mutu."

Akawu ya yarda, don ya san ubansa ko saƙon waya ba ya iya turawa. Har tsohuwar kwamfutarsa ya kawo masa da kansa.

Daga nan mutumin nan ya koma ɗan makaranta da furfura. Ya sayo wayar haɗawa. Ya riƙa kallon masu koyarwa a wayar hannu, ya tsayar, ya koma baya, ya rubuta lamba a jikin kwalin batir. Da yatsa ɗaya yake danna kwamfutar, yatsan ma sai ya goge shi a riga tukuna. Ran nan ya ƙara mai fiye da kima, fulogai suka fito baƙi ƙirin. Wata rana ya taɓa lokacin wuta, injin ya yi wata ƙara kamar bindiga, mai faci na tsallaken titi ya kwanta rub-da-ciki a ƙasa. Mun yi mako muna yi wa mai faci dariya. Kunne dai kwalinsa yake kallo.

Salansa ma, wato bututun fitar da hayaƙi, ban haɗa masa ba. Shi ya ce in bari sai injin ya zauna, kada a sake ciro shi a yi aikin banza. Saboda haka hayaƙin daga ƙarƙashin motar yake fita, daidai saitin kujerar direba. Na san da haka. Ni ne mai waldar.

Ranar da nake ba ku labari saura kwana biyu wata ya ƙare. Bayan gardamar takwas da uku na juya zan fita, sai ya ce, "Tsaya. Na gano ta."

"Jiya ma ka gano ta."

"Yau da gaske. Ƙwaƙwalwar tana jiran magana daga giyar da babu ita. Na kashe wannan layin. Yanzu sai a tayar a bar ta ta koyi silo da kanta. Kada a taɓa totur, kada a kashe, sai fankar inji ta tashi sau biyu. Ni kuma ina kallon lambobin."

"To kalla mana."

"Da wane ido? Ba ka ga rana ba?"

Garejin gabas yake kallo, amma da rana tsaka farin bangon gidan da ke gabansa ke maido haske har ciki. Fuskar kwamfutar ta zama madubi, ba ka ganin komai sai kanka. Ya gwada lulluɓa riga, zafi ya hana shi.

"Ja min ƙofar nan."

"Hayaƙi fa?"

"Shekara arba'in ina shaƙarsa, ga ni. Bar taki ɗaya a ƙasa. Minti ashirin ne. Kuma kada ka bar kowa ya shigo min, ko gwamna ne."

"In ka mutu ni zan gaji sifanoninka."

"Ka iya riƙe su ne?"

Ƙofar ta ƙarfe ce mai naɗewa, ni na yi ta. Na ja ta, na auna taki ɗaya da hannuna, na bar shi. Ba zan ce wani ya sa ni ba. Ya ce in ja, na ja.

Na koma kan ƙyauren da nake yi. Ta bango na ji ya tayar. Injin ya yi sama, ya faɗo, ya yi tari. Na ce a raina, to, ga na biyar. Amma bai mutu ba. Ya yi rawa kaɗan, ya sake rawa, sai ya daidaita. Wata ƙara mai laushi, ba hawa ba sauka. Ni da ba bakanike ba sai da na ajiye guduma na saurara. Na ji muryarsa ta bango, "Makaho! Ka ji?"

"Na ji! Kada ka cika min kunne!"

Na kunna injin gurza ƙarfe. Wanda ya san ƙararsa ya san ba ka jin komai in yana aiki. Mai ƙyauren ya zo, muka yi musu a kan tsawon sakata, ya tafi. Duk lokacin da na tsaya sai in ji injin Kunne yana tafiya lafiya lau, sai in ce bari in bar shi ya more abinsa. Wata uku yana jiran wannan ƙarar. Ban duba agogo ba. Ba na ɗaura agogo.

Matarsa ce ta zo da kwanon abinci. Gidansu a bayan layin yake, ita ke kawowa da kanta.

"Sannu da aiki. Maƙwabcin naka yau kulle kansa ya yi?"

"Hajiya, ai yau sai ki ƙara masa nama. Ji injin."

"Tun ɗazu nake kiran wayarsa bai ɗauka ba."

"Tun yaushe?"

"An fi awa."

Ban san lokacin da na isa ƙofar ba. Na sa hannu biyu na ɗaga ta, zafi da wari suka bugi fuskata har na durƙusa. Yana nan inda na bar shi. Ya shigar da ƙafar, ya jingina kai da kujera, kwamfutar na cinyarsa, hannu ɗaya a kanta. Kamar mai gyangyaɗi. Leɓensa ya yi wani ja da ban taɓa gani a bakinsa ba.

"Kunne! Kai, Kunne!"

Na murɗa makulli, injin ya tsaya. Na ciccibo shi, kwamfutar ta faɗi. Ni da mai faci muka fito da shi kan titi. Matarsa ba ta yi kuka ba a lokacin, salati kawai take, tana fifita shi da murfin kwano, tana cewa, "Malam, tashi, ga abinci. Malam."

A asibiti likitar ba ta daɗe a kansa ba. Ta fito ta ce ya riga ya cika tun kafin mu iso. Ta ce irin wannan hayaƙin ba ya ba mutum damar gudu, barci yake sa shi. Ta tambayi wanda ya rufe ƙofa. Na ce ni ne. Ta dube ni, ta rubuta abin da za ta rubuta.

Bayan mako ɗaya Akawu ya zo da makullin garejin. Ya tsaya a bakin shagona ya gaishe ni har ƙasa, kamar yadda ya saba.

"Kawu, Umma ta ce in tambaye ka abu ɗaya."

"Tambaya."

"Injin ya zauna?"

"Ya zauna. Da kunnena na ji. Fiye da awa, ko tari bai yi ba."

Ya juya makullin a hannunsa. "Ashe bai kamata ya dawo hannuna ba ke nan."

Na rufe shago, muka shiga garejin.

Ya ce za a mayar da motar gida. Makullinta na jiki, batir da caji, mai ma akwai. Ya zauna a kujerar, ya kai hannu, ya janye. Ya dube ni, na dubi mai faci.

"Saki giya," na ce. "Za mu tura."

Mu uku muka turo ta, ni da mai faci da wani mai wucewa, Akawu na riƙe da sitiyari. Da ta sauka kan titi na waiwaya. Inda ta tsaya wata uku simintin ya fi sauran haske, dogo, daidai girmanta, sai wani baƙin tabo na hayaƙi a tsakiya. Wata kaza ta shiga, ta taka ta kansa, ta tsaya tana kakkaɓe fuka-fukanta.