Ƙirjin Muhsina

Abu ɗaya tak na roƙi maigidana Chaibou. Ranar Juma'ar da zan tafi Paris horon aikin jinya na kwana uku, na tsayar da shi a bakin ƙofa, jaka a kafaɗata, na nuna masa talho, wayata ta hannu.

"Malam, dubi taswirar iska. Gobe Lyon gaba ɗaya ja ce. Don Allah kar Muhsina ta fita."

Muhsina 'yarmu ce, shekararta takwas, tana da asma. Tun da muka tare a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, ni da ita muke da ƙa'ida. Kowace safiya sai mun duba launin iskar ranar, in kore ne mu sauka wasa, in ja ne mu zauna a ɗaki. Sannan in tambaye ta ƙirjinta, ita kuma ta faɗa mini gaskiya ko da ɗan ƙaiƙayi ne. Da gaskiyar nan tata na yi shekara biyu ina tare ciwon tun kafin ya tashi.

Chaibou ya leƙa taga, ya ce sama garau, ina hayaƙin yake? Na ce masa gurɓatar iska ta lokacin zafi ba a ganinta, rana ce ke dafa hayaƙin motoci har ya koma guba. Ya ce ya ji, har da rantsuwar da ban nema ba.

Asabar da la'asar, da aka ba mu hutu, na kira shi. Ya gida? Lafiya lau. Muhsina fa? Tana barci. Raina bai kwanta ba, sai na kira Balkisa, aminiyata da ke bene ɗaya da mu, wadda ko gishiri ba ma ɓoye wa juna.

"Lafiya lau, Huraira. Ke dai yi karatunki."

Na yarda. Ni da shirmena har na tsaya a tasha ina zaɓar wa yarinya ribom.

Litinin na dawo, gida fes, an yi shara, abin da Chaibou bai taɓa yi don kansa ba. Na buɗe kwandon shara zan jefa tikitin jirgi, sai ga ɗan abin hannu na roba, irin wanda ake ɗaura wa mara lafiya a asibiti, an yanke shi da almakashi. Sunan 'yata ne a jiki, da kwanan watan ranar Asabar. Ni da nake ɗaura wa mutane irinsa kullum, ni za a ɓoye wa.

Na ajiye shi a gaban Chaibou, ya sunkuyar da kai ya fara bayani. Wai Alhaji Boubacar, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar, ya shirya wa yara wasan tsere a fili, kuma da ƙafarsa ya hawo har hawa na tara ya ce a kawo ta. Ta yaya zai dubi idon dattijo ya ce talho ya hana? Ƙarfe biyu na rana aka sa su gudu. A zagaye na biyu ta faɗi, leɓunanta sun canza launi. A asibiti ta kwana da abin iska a fuska.

"Lokacin da na kira, kana ina?"

"A ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita."

"Balkisa fa?"

"Tana kusa da ni. Manya ne suka ce ba a tayar wa matafiyi hankali, Huraira. An duba miki ne."

An duba mini. Awa biyu ne tsakanin Paris da Lyon a jirgin ƙasa. Mutum nawa ne suka san 'yata na neman numfashi, suka haɗa baki suka bar ni ina rubutu a takarda? Wallahi fitar da ita da ya yi bai ƙona mini rai kamar wannan ba. Ya ji kunyar Alhaji, ni bai ji tawa ba.

Washegari da safe na ɗauko talho kamar kullum, taswira ja ce har yanzu. Muhsina na zaune tana juya cokali a shayi, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi. Daga inda nake tsaye ina jin ɗan fito a ƙirjinta.

Na durƙusa a gabanta. "Muhsina, yaya ƙirjin yau?"

Ta saci kallon babanta, sannan ta dube ni ta yi murmushi.

"Lafiya lau, Mama."