Ciyawar da Awaisu Ya Dasa Min

Ni Laraba, tun da aka kawo ni gidan nan na Tsiga nake yaƙi da ciyawa. A kanta bayana ya tanƙware. Sai ga ɗan da na haifa ya ɗauko ta a mota, ya dasa min a bayan ɗaki.

Awaisu ne, autana, mai aiki a Funtua. Ya kamu da son fim ɗin Turawan Ingila na zamanin da, irin na manyan gidaje masu barori birjik, a kaɗa ƙararrawa a kawo shayi. Har hawaye na taɓa gani yana yi, wai an kori wani mai goge cokula. Ban hana shi ba, kowa da haukarsa.

Da damina ta yi tsaka na tafi Malumfashi jinyar ƙanwata, na bar kuɓewata ta fara fure. Irinta daga hannun uwata na karɓa, duk shekara ina ajiyewa a gora. Na dawo na leƙa bayan ɗaki: ba kuɓewa, ba yakuwa, ba lalo. Wuri shimfiɗe kore shar, da fararen kujeru biyu.

Sai ga Awaisu: "Inna, kin ga kyau ko? Haka gidajen manya suke a can."

Na ce, "Miyar me ake yi da ita?"

"Ba a ci. Kallo ake yi."

"Akuya fa?"

"Haba Inna, akuya ba ta shiga nan!"

Irin da ya rage a gora bai cika tafin hannu ba, kuma tsoho ne, ba zai jira baɗi ba. Damina na tafiya. Ko mayafi ban gyara ba na nufi zauren Yaya Maitama, wan marigayi mijina, na ce a bi min hakkina yau, ba gobe ba.

Aka kira Awaisu. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya ciro waya ya kunna fim ɗin, wai Baba Maitama ya gani da idonsa. Tsoho ya matso da fuska yana kallo. Can na ji ya ce, "Kai, duk wannan gidan na mutum ɗaya ne? Wannan mai gashin bakin fa?"

Na ce, "Yaya, ƙara na kawo ko majigi?"

Na fizge wayar, niyyata in buga ta da bango. Sai idona ya faɗa kan wata tsohuwa da sanda ta shigo falo. Kowa ya miƙe, har mai gashin bakin.

"Wace ce wannan?"

"Uwar maigidan ce," in ji Awaisu, har da murmushinsa. "Ai duk fim ɗin ita na fi so. Ba mai musu da ita."

"In ta yi tafiya, ɗan nata yakan tuge mata shuka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka kwaso ciyawarsu, ka kwaso kujerunsu, ka baro tsohuwar a can, ko? Ni ce ba ta kai a tashi mata ba, don ba ni da sandar Turawa?"

Yaya Maitama ya yi dariya har da tari, ya ce a raba wurin biyu. Na ce ban raba cikina biyu ba da na haife shi, wurina ma ba za a raba ba. Yaya ya dubi fuskata, ya ce wa Awaisu ya ɗauko garma, wayar kuma ya bar masa ita a nan tukuna.

Shi da kansa ya kafce wurin, hannu duk kanta. Ciyawar ta tafi gaban awakina. Kujera ɗaya na riƙe, a kanta na zauna ina nuna masa inda bai yi zurfi ba.

Na shuka irin a makare. Ya tsiro, amma ba duka ba. Awaisu yana bugo waya yana tambaya ko na huce. Na ce masa ya sake tambaya ranar da na yanka kuɓewa a tukunya.