Dare na Ɗari da Tamanin da Uku

Curtis ya shimfiɗa kalandar bara a teburin Gwen, ya danne gefenta da makullin mota. Gwen ce ke cika masa takardun haraji tun kafin aurensa da Marlene ya mutu, kuma bakinta ba ya ragar wa kowa a duk garin Toledo.

Ƙa'idar ba wuya: tsakaninsa da Marlene, wanda 'yarsu Tessa ta fi kwana a gidansa cikin shekara, shi zai sa sunanta a takardarsa, ya sami rangwamen dala dubu biyu da wani abu. Curtis ya riga ya kashe kuɗin a zuciyarsa, a kan injin motarsa.

Gwen ta bi watannin da yatsa tana ƙirgawa, har ta kai Disamba.

"Naka ɗari da tamanin da uku, na Marlene ɗari da tamanin da biyu. Kai, mutumina, da kwana ɗaya ka kayar da ita. Ashe ka iya lissafi, a makaranta ne kawai ka ƙi."

Bai yi dariya ba. Daren ƙarshen shekara na Marlene ne bisa tsarinsu. Shi ya ƙirga ya ga sun yi kunnen doki, sai ya kira Tessa, yarinya 'yar shekara tara, ya marairaice ya ce ba zai iya shiga sabuwar shekara ba ita ba. Ta zo da kayan barcinta a jaka tana tsalle. A akwatin ranar a kalandar ta zana zuciya da jan alli, ta rubuta: Baba ya zaɓe ni. Kusa da rubutun, ga 183 ƙarami da fensirinsa.

Gwen ta karanta, ta cire tabarau. Ta ce hukuma dai kwana take ƙirgawa, ba ta tambayar dalili, sai ya sa hannu a nan.

Kunya ta rufe shi. Ya ce zai sha iska, ya fita bakin ƙofa cikin sanyi, ya kira Marlene a wurin aikinta. Ya fara kame-kame, wai akwai abin da ya kamata ta sani game da daren nan.

"Curtis, ni ma fa ina da kalanda," in ji ta. "Na san dare na nawa ne."

"To me ya sa kika bar ta?"

"Da ka ga fuskarta bayan ta ajiye wayar, da ba ka tambaye ni ba. Ka ci kuɗinka. Abu ɗaya nake roƙo, kada ta taɓa sani."

Ya koma ciki. Gwen ta miƙo masa biro, ya ce ba shi yake so ba. Ya tambaye ta takardar da ake bar wa uwa ta sa sunan yaro a harajinta, sannan ko tana da abin goge fensir.