Baba Direba Ya Nemi Fasto

Sakataren kwamiti yana tsaye a tsakiyar falon Mai Walda, yana buga bayan hannunsa a tafin ɗayan, lokacin da Auta ta ɗaga labule.

"Ba za mu buɗe ba," Sakatare yake cewa. "Sai Fasto ya tsaya gaban jama'a ya faɗi inda kuɗin rufin nan suka shiga. In ba haka ba, ƙofar cocin nan ta zauna a yadda take."

Auta ta durƙusa ta gaishe da dattawan, sannan ta dubi mai gidan. "Kawu, Baba yana kiranka."

Mai Walda ya miƙe da sauri, har yana jin daɗin samun dalilin fita. Tun farkon damina falonsa ya zama wurin shari'a. Shekaru jama'ar cocinsu suka yi suna tara kuɗi don a sake rufi, ruwa ya sauko, sai ga shi har yanzu bokitai ake jerawa tsakanin bencuna. Da dattawa suka tambayi Fasto, ya ce an ranta kuɗin a wani aikin Ubangiji, kuma shugabanninsa na sama kaɗai zai yi wa bayani. Wata ranar Lahadi ya hau mumbari ya rushe kwamiti. Kwamiti su ma suka ce sun dakatar da shi. Wannan ɓangare ya sa kwaɗo a ƙofar coci, wancan ya ƙara nasa a kai. A ƙarshe Mai Walda, wanda yake dattijo ne a kwamitin, ya ɗauko injinsa ya liƙa sandar ƙarfe a gicciye, ƙofa ta mutu. Yanzu mutanen Fasto a wani aji na makaranta suke sujada, na kwamiti kuwa a rumfar shagon walda.

Bango ɗaya ne tsakanin gidansa da na Baba Direba. Lokacin da Mai Walda ya zo layin yana saurayi, ba shi da kowa, tsohon ne ya ɗauko masa injin walda a bayan babbar motarsa kyauta, shi ne kuma ya tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa. Yanzu ciwon zuciya ya kwantar da tsohon, ƙafafunsa sun kumbura, 'yarsa ta ƙarshe, Auta, ta ajiye aikinta ta dawo jinya.

Ɗakin yana warin man zafi. Baba yana jingine da matasai a kan gadon ƙarfe, kwalaben magani jere a kan kujera, rediyonsa mai ɗaure da roba yana gefen kansa a kashe.

"Maƙwabci," ya ce, numfashinsa yana sarƙewa. "Ina jin muryoyinku ta bango. Yau ma kotu ce?"

"Taro ne kawai, Baba. Yaya jikin?"

"Motar ta tsufa. Na ga alamar tasha." Ya yi ɗan murmushi. "Ina so ka kawo mini Fasto, ya ba ni Jibin Ubangiji."

Mai Walda ya dubi ƙasa. "Baba, ai akwai mai bishara da muka ɗauko. Yanzu ma yana falona."

"Yaron nan mai takalmi mai tsini? Ban san shi ba. Fasto ne ya binne uwar Auta. Shi ya riƙe ni a bakin kabari da ƙafafuna suka ƙi ɗaukata."

"Ka san halin da ake ciki."

"Na sani. Ku tambaye shi kuɗinku, haƙƙinku ne, ni ma da nawa a ciki. Amma ni ba lissafi zan yi da shi ba."

Auta ta rako shi tsakar gida, ta rage murya. Ta ce ta kira Fasto a waya, ya ce yana so ya zo, amma tun ranar da samarin layin suka tare shi suka fasa masa gilashin mota bai sake shigowa unguwar ba. Ya ce in Mai Walda ya zo da kansa ya ɗauke shi a babur, babu wanda zai taɓa shi.

"Gobe," Mai Walda ya ce. "Gobe da safe zan je."

Da ya koma falo, Sakatare ya tambaye shi ko lafiya. Ya faɗa musu.

"Allah ya ba Baba sauƙi," in ji Sakatare. "Amma ka yi tunani. Ranar Lahadi shugabanni za su zo su saurari kowane ɓangare. In aka gan ka da mutumin nan a bayan babur ɗinka, kai da ka liƙe ƙofa, me za a ce? Za a ce kwamiti ya rabu, za a ce an saye ka. Ka bari Lahadi ta wuce. Kwana nawa ne?"

Mai Walda ya koma wurinsa. Ya dai zauna.

Washegari bai je ba. Ya gaya wa kansa aikin wata ƙofar gida yana jiransa, kuma gaskiya ne, tana jiransa. Da yamma da ya iso bakin layi, sai ya ga hannunsa ya kashe babur. Ya sauka, ya tura shi a hankali ya wuce ƙofar Baba, ya shige gidansa kamar wanda ya sato abu. Haka ya yi washegari ma, fita da dawowa.

Matarsa tana shanya a tsakar gida ta gan shi yana shigowa da babur a hannu.

"Mai ne ya ƙare?" ta tambaya.

"A'a."

"To." Ta matse rigar da ke hannunta, ta yarfa ta. "Na kai wa Baba abinci ɗazu. Cokali biyu ya ci. Auta ta sa masa farar rigarsa ta zuwa coci. Ya ce kada Fasto ya zo ya same shi da singileti."

"Na ce zan je."

"Na ji ka ce."

Ranar Juma'a ya je. Har ya shiga layin su Fasto, ya hango motar a ƙofar gida, an toshe gurbin gilashin da kwali. Amma daura da gidan akwai shagon kayan gini na ƙanen Sakatare, mutane zaune a benci a gabansa, kuma duk sun juyo suna kallonsa. Ƙanen Sakatare ya ɗaga masa hannu.

"Dattijo, yau kai ne a layinmu?"

Mai Walda ya taka birki a gaban shagon. Ya ji bakinsa yana tambayar kuɗin kwalin sandunan walda, alhali yana da su cike da kabad. Ya saya, ya ɗaure a bayan babur, ya juya. Bai ko sake duban ƙofar Fasto ba.

Ranar Asabar da hantsi yana wanke fuska a bakin famfo, ya ji Auta ta kira shi ta kan bango. Ba ihu ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Kawu, zo."

Ya sami Baba kwance a miƙe, farar rigar a jikinsa, an ɓalla maɓallanta har wuya. A kan kujera an kawar da kwalaben magani gefe, an shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, babu komai a kai. Mai Walda ya gane wurin ajiye gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji ne aka shirya. Ya durƙusa a gefen gadon ya kama hannun tsohon. Da sauran ɗumi.

"Bai sha wuya ba," in ji Auta. "Ya ce in buɗe taga. Kafin in juyo, shi ke nan."

"Auta," ya ce. "Ban je ba. Na je, amma ban shiga ba."

"Na sani, Kawu."

"Na ce a raina bayan Lahadi."

Ta gyara wa mahaifinta wuyan riga da bai buƙaci gyara ba. "Duk babur ɗin da ya shigo layi sai ya ce, 'Su ne?' In ce a'a. Daga baya ya daina tambaya."

Mai Walda ya ɗago kai. "Ya san ina wucewa?"

"Direba ne, Kawu. Ko inji a kashe, ya san ƙarar taya."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi masa ciwo. Da ta zage shi, da ya samu abin riƙewa.

Kafin azahar layin ya cika. An fito da tabarmi da kujeru, mata suna shiga suna fita. Mai Walda yana zaune a ƙofar gida tare da maza, sai ya ga mutane suna juyawa. Fasto ne yake tahowa a ƙasa, shi kaɗai, da ƙaramar jakarsa a hannu. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Samarin da suka fasa masa gilashi suna tsaye a bakin shagon aski. Babu wanda ya motsa. Ɗayansu ma ya cire hula.

Fasto ya wuce ta gaban Mai Walda, suka haɗa ido, kowa ya kawar da kai. Daga inda yake zaune yana jin muryar Fasto a cikin ɗaki.

"'Yata, ki yafe mini. Da na zo tun ranar da kika kira. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba."

Da la'asar maganar jana'iza ta taso. Baba Direba yana cikin waɗanda suka ɗebo yashin ginin cocin nan da motarsa, kowa ya yarda can ya kamata a kai shi. Sakatare ya ce za a iya yanke sandar, amma da sharaɗin mai bishara ne zai jagoranci sujada. Mutanen Fasto suka ce in haka ne gara ƙofar ta zauna. Wani ya ce a raba, ɗaya ya yi addu'a ɗaya ya yi wa'azi. Aka koma musun wa zai fara. Murya ta hau murya, har wani ya ambaci kuɗin rufi, gawa tana kwance bayan labule.

Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta jajur.

"Iyayena, ku yi haƙuri," ta ce. "Ba za a kai shi ko'ina ba. A tsakar gidansa za a yi masa addu'a, daga nan makabarta. Wanda Baba ya nema da bakinsa shi zai yi. Wanda ba zai iya zama ba, mun gode da zuwa."

Sakatare ya dubi Mai Walda, yana jiran ya ce wani abu. Mai Walda ya zuba wa takalmansa ido har Sakatare ya gaji ya zauna.

Ranar Lahadi shugabannin ba su zo ba. Saƙo suka aiko cewa an ɗaga zaman sai wani lokaci.

Ranar Litinin aka yi jana'izar. Tsakar gidan ya yi kaɗan, amma duk da haka an samu fili a tsakiya, mutanen Fasto a dama, na kwamiti a hagu, akwatin a kan benci biyu tsakaninsu. Da aka ce a yi waƙa, mawaƙan dama suka ɗauki ɗaya, na hagu suka ɗauki wata, muryoyin suka ci karo, aka ɗan ja, sai duka suka mutu. Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta ci gaba da tata ita kaɗai, ba ta san an tsaya ba, sai mutane suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a sunkuye.

Fasto bai yi dogon wa'azi ba. Bai ambaci coci ba, bai ambaci kwamiti ba. Ya ce Baba mutum ne da bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba tare da ya tsaya ba, sai muryarsa ta karye, ya rufe Littafi.

Mai Walda yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Bai yi nauyi ba ko kaɗan. A makabarta ƙasa ta jiƙe da ruwan daren jiya, tana manne wa shebur. Ya karɓi shebur ya yi ta zubawa, aka ce ya miƙa wa wani ya huta, ya yi kamar bai ji ba. Har yanzu yana ganin tambayar da suka yi wa Fasto daidai ce, kuma har yanzu ba a amsa ta ba. Amma ya rasa yadda zai ajiye wannan kusa da farin ƙyallen nan na kan kujera.

Mutane suka fara watsewa, kowane ɓangare ta hanyarsa. Sakatare ya kira shi daga nesa, ya ce za a zauna da yamma a falonsa kamar kullum. Mai Walda ya wuce neman ruwan wanke hannu.

A gindin wata bishiya an bar jarkar ruwa don wanke hannu. Da ya isa wurin, ya tarar da Fasto a tsugune, hannayensa duk laka, yana ƙoƙarin karkata jarkar da gwiwarsa, ruwan yana zuba a gefe. Mai Walda ya tsaya kaɗan. Sannan ya sunkuya ya ɗaga jarkar ya karkata ta.

Fasto bai ɗago ba. Ya miƙa hannayensa ƙarƙashin ruwan yana murzawa a hankali, jan ruwa yana gangarowa tsakanin takalmansu yana shigewa cikin ciyawa.