Tarwaɗa a Bayan Katanga

Tun da Arvo Lehtonen ya ajiye aiki a rumbunan alkama na bakin tafki, kayan gidansu ba su ƙara samun hutu ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya sauya duwatsun ɗakin wankan tururi, daga ƙarshe ya faɗa kan akwatin intanet, ɗan baƙin abin nan mai ƙahonni da ke ƙyafta fitilu a saman firji. Matarsa Marguerite ba ta damu ba. Namiji ya samu abin da zai hana shi leƙa mata tukunya, ai sai godiya.

Kowace na'ura da ke shan intanet a gidan sai da ya raɗa mata sunan kifi, shi da kamun kifi kamar an haife su tare. Wayarsa Giwan Ruwa, tata Karfasa, talabijin kuwa Ragon Ruwa, wai don ba ya motsi daga inda aka ajiye shi. Ran Alhamis da hantsi, tana soya fanke, sai ya kira ta yana washe baki.

"Zo ki gani, Gimbiya. Na gama ginin katanga. Daga yau duk na'urar da ban rubuta lambarta da hannuna ba, ko ta san kalmar sirri, a waje za ta kwana."

"Sannu Sarkin Ƙofa. Wa ke neman shigo mana?"

"Akwai wani baƙo da nake yawan gani da yamma. Ba shi da suna, ba ya sallama, sai sha. Na datse shi."

Ta manta da fanken har ya ƙone a gefe ɗaya. Ta san baƙon sarai, ita ce ta buɗe masa ƙofa.

Maƙwabcinsu ne, Stanley Hrycak, dattijo mai gashin baki kamar tsintsiya. Da matarsa ta rasu ya sa aka yanke masa intanet, ya ce ba shi da wanda zai yi wa magana a ciki. Sai ga jikarsa Tessa ta zama mai tsaron raga a ƙungiyar hoki ta makarantarsu, wasan nan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, can birnin Winnipeg, kuma a intanet kaɗai ake nuna wasanninsu. Da kaka Marguerite ta hango shi a bakin shinge yana ɗaga kwamfutar hannun da 'yarsa ta aiko masa, kamar mai neman inda ruwa ke ɗiga. Tausayi ya kama ta, ta karɓa ta saka masa kalmar sirrinsu. Tun daga nan yake zama a bakin tagarsa da ke kallon kicin ɗinsu, yana kallon jikarsa.

Ba ta gaya wa Arvo ba, don mutanen biyu ba sa ga maciji. Da can abokan kamun kifi ne, kwalekwale ɗaya, butar shayi ɗaya. Wata rana Arvo ya kamo wani ƙaton kifi, Stanley na riƙe da koma, kifin ya suɓuce ya koma ruwa. Arvo ya ce hannun Stanley ne ya yi sanyi, Stanley ya ce zaren Arvo ne ruɓaɓɓe. Shekaru ke nan suna share ƙanƙarar ƙofar gida kafaɗa da kafaɗa ba ko sannu, shi kuwa kifin kullum ƙara girma yake a bakin Arvo.

Ga shi jibi Asabar ne wasan ƙarshe, Tessa ce a raga. Marguerite ta san Stanley, zai gwammace ya zauna ya zuba wa baƙin allo ido da ya ƙwanƙwasa ƙofar Arvo.

Ran Juma'a ta gwada dabara. Da Arvo ya fita sayen gishirin narkar da ƙanƙara, ta zauna gaban kwamfutarsa ta buɗe shafin akwatin. Ta ga gidajen rubutu birjik, wannan na hanawa, wancan na bari, ta danna wani abu, sai talabijin ya ɗauke. Da kyar ta mayar da shi, gumi na keto mata a tsakiyar hunturu. Ta leƙa taga, ga Stanley can yana jijjiga kwamfutarsa yana kara ta a gilashi. Abin ya sosa mata rai ƙwarai.

Da suka zauna cin abincin rana ta zuba masa miyar kifi har baki, ta bari ya kai rabi.

"Arvo, baƙon nan naka fa."

"Uhm."

"Stanley ne. Ni na ba shi. Gobe Tessa ke wasan ƙarshe."

Ta shirya jin faɗa. Arvo ya ci gaba da tsoma burodi a miya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ke a ganinki ban sani ba? Wane ɓarawo ne ba ya sata sai lokacin da 'yan matan Winnipeg ke wasa?"

"To don me ka datse shi, mugun tsoho?"

"Doka doka ce. Ban hana kowa ba. Amma lambar tana cikin na'urar, sai na gan ta da idona. Ya kawo ta."

"Ka san ba zai zo ba."

"To ni ma ba na rubuta abin da ban gani ba."

Ta ƙare masa kallo. Kunnuwansa sun yi ja, kuma ta daɗe da sanin abin da ke sa su ja. Dariya ta taso mata, ta danne ta da kofin shayi. Ashe katangar nan duka ba don ɓarayi aka gina ta ba.

Ran Asabar da azahar ta zura takalmin ƙanƙara ta tsallaka.

"Stanley, ɗauko abin nan naka mu je. Injiniya na son ganin lamba."

"Ni in shiga gidan mutumin nan? Allah ya kiyaye. Zan ji sakamako a bakin 'yata."

"Yarinyar nan za ta tambaye ka ko ka ga yadda ta tare. Me za ka ce mata?"

Ya tsaya yana murza gashin baki. Can ya jawo hularsa, yana ƙunƙuni wai don Tessa kawai.

Sun tarar Arvo ya sauko da kofuna uku, ya jera wainar kirfa mai ruwan hoda a faranti, ya kuma juyo da talabijin yana kallon tebur.

"Lehtonen," in ji Stanley.

"Hrycak. Miƙo. A hankali, kar ta suɓuce maka."

"In zarenka bai tsinke ba, ba abin da zai suɓuce."

Arvo ya sa tabarau ya fara neman lambar, yana lalube kamar bai taɓa ganin na'ura ba. Kafin ya gama an busa usur a talabijin, ya ture kwamfutar gefe ya ce a bari sai an tashi. Ba a jima ba wata doguwar yarinya ta kwararo ita kaɗai ta ɗirka ƙwallo raga, Tessa ta baje a ƙasa ta cafke. Tsofaffin biyu suka miƙe tare suna ihu, shayi ya malale a kan tebur.

"Ka ga hannu!" in ji Stanley, hawaye na bin gashin bakinsa. "Jinina ce!"

"Hannun kakarta ne dai," in ji Arvo. " Da naka ta gado da tuni an zura."

Su Tessa suka ci da kyar. Marguerite na goge tebur, daɗi ya cika ta har ba ta san tana waƙa ba. Sai a lokacin Arvo ya jawo kwamfutar, cikin ƙiftawar ido ya samo lambar ya rubuta.

"Saura suna," ya ce, yana duban gashin bakin maƙwabcinsa. "Tarwaɗa."

"Sa abin da ka ga dama, Sarkin Ƙofa. Yanzu zan iya kallo daga gida?"

"Za ka iya." Arvo ya cire tabarau yana gogewa a riga. "Sai dai na'urorin nan na zamani sukan sauya lamba ba zato. Gara ka riƙa kawo ta duk Asabar ina dubawa."

"Ai an gama wasannin bana."

"Lamba ba ruwanta da wasa."

Stanley ya ɗauki wainar da ta rage ya gutsura.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.