Walƙiya da Guduma

Tun kafin gashin Direba ya fara furfura, shi da mai aski ke musu a kan abu ɗaya: da za a haɗa Walƙiya da Guduma a fili, wa zai kwantar da wani? Dukansu zakarun damben duniya ne na ajin masu nauyi, amma ba su yi zamani ɗaya ba. Walƙiya ya ajiye dambe tun Guduma na goye.

Direba dai Walƙiya yake goyon baya. Yakan ce mutumin rawa yake a fili, kafin ka ɗaga hannu ya mare ka ya koma gefe. Mai aski kuwa ya tsaya a kan cewa mai rawa gajiya yake yi, Guduma naushi ɗaya yake nema. Sau da yawa Direba kan tashi da rabin aski, tawul a wuya, yana gwada yadda ake kaucewa, har ya ture kwalbar hoda.

Sai ciwo ya kwantar da Direba. Wata ranar Laraba 'yarsa ta zo shagon, ta roƙi mai aski ya je ya rage wa Baba suma. A bakin ƙofa ta gaya masa abin da likita ya ce, ta share ido da gefen mayafi.

Ya same shi a kujera kusa da taga, an jera magunguna a kan tire. Wuyan nan da tawul ba ya zagayewa ya koma kamar na yaro. Mai aski ya kama aiki. Direba ne ya tono maganar, da murya can ƙasa, ya ce Guduma ba zai kai turmi na biyar ba.

Amsa na bakin mai aski, ya haɗiye ta. Ya dubi hannuwan Direba da suka rame a kan bargo.

"Gaskiyarka ce, mutumina," ya ce. "Na yi tunani, Walƙiya zai ci shi."

Direba ya daɗe yana kallonsa ta ƙaramin madubin da ke hannunsa, sannan ya kife shi a cinya.

"Ashe kai ma sun gaya maka."

Mai aski ya yi ta 'yan kame-kame, amma Direba ya ce kowa a gidan ya daina yi masa musu. Ko ya ce shayi ba sukari, sai a ce haka ne, Baba. Ya ɗauka mai aski dai ba zai yi masa haka ba. Haka aka gama askin.

Abin ya tsaya wa mai aski a rai. Ya kwana biyu yana tattara hujjoji, tsawon hannu, nauyi, wa ya taɓa faɗuwa, ya shirya zuwa ya yi masa kaca-kaca. Da ya isa, maƙwabciya ta ce an wuce da shi asibiti, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Ya bi shi can. Ya ja kujera gefen gado, ya fara zuba: Walƙiya tsoro ne ke sa shi rawa, Guduma zai matse shi a lungu. Idon Direba na kan silin. Ko yana ji, mai aski bai sani ba. Ya ci gaba, muryarsa na hawa, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce masa don Allah ya sassauta murya, akwai marasa lafiya.